Allura Ba Ta Ƙarya: Masu Ɗinka Tufafin Mutanen Da, da Inda Ƙyalle Ke Kai Su



'Yan uwa, yau za mu leƙa wata al'ada ta mutanen Turai da Amurka, wadda da yawa daga cikinmu idan suka ci karo da hotunanta a intanet sai su yi murmushi su wuce. Akwai dubban mutane a waɗancan ƙasashe, cikinsu har da likitoci da malaman jami'a da direbobi, waɗanda idan sun taso daga aiki sukan zauna da allura da zare suna ɗinka irin tufafin da aka daina sawa shekaru 600 ko 800 da suka shuɗe. Idan ƙarshen mako ya zo sai su haɗu da abokansu a wani fili, su kafa tantuna, kowa ya sa abin da ya ɗinka, a dafa abincin mutanen da, a kwana biyu kamar ba a taɓa ƙera mota ba. Zamanin da suke kwaikwayo shi ne wanda masana tarihin Turai ke kira ƙarnonin tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 Miladiyya. Mai karatu ya lura da kyau: a cikin wannan tsakani ne aka aiko Manzon Allah (SAW), a cikinsa daulolin Umayyawa da Abbasiyawa suka tashi suka faɗi, kuma a ƙarshensa Garnaɗa ta suɓuce daga hannun Musulmi a 1492. Saboda haka wasan nasu ya shafe mu. A cikin tantunan nan akwai masu sanye da abin da suke kira tufafin Musulmi, wani daidai wani bisa kuskure. Kuma duk wanda ya ɗauki ɗinkin da gaske, ba ya daɗewa sai ƙyallen da ke hannunsa ya ja shi zuwa Masar da Bagadaza da Andalus.

Wannan sha'awa ba yau ta fara ba. A ƙarni na 19, sa'ad da hayaƙin masana'antu ya turnuƙe biranen Ingila, sai masu hali suka shiga begen zamanin barade da ganuwa da takubba. Ƙagaggen labarin nan na Walter Scott mai suna Ivanhoe, wanda ya fito a 1819, ya ƙara wa wutar makamashi. A 1839 wani basarake a Sikotlan, mai riƙe da sarautar Eglinton, ya shirya gagarumin wasan sukuwa da suka da mashi irin na da. Ya zuba dukiya, jama'a suka yi tururuwa har ana ƙiyasta su da kusan 100,000, sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Fili ya zama taɓo, barade cikin sulke suka koma neman mafaka. A watan Mayu na 1842 kuma Sarauniya Biktoriya ta kira liyafa a fadarta, ita ta fito a siffar Sarauniya Filifa, mijinta Albat ya fito a siffar Sarki Edwad na Uku, mutanen ƙarni na 14. Manufar da aka bayyana ita ce a taimaki masaƙan siliki na Landan da kasuwarsu ta faɗi. Sai dai wanda ya dubi zanen da aka yi musu zai ga cewa rigar sarauniyar, duk da an kwaikwayo ta daga sassaƙen da ke kan kaburburan sarakuna, a kan ƙirar matan 1842 ta zauna: ƙugu a matse, ƙasa a baje. Wannan ita ce cutar da ke bin al'amarin tun farkonsa, mutum ya yi niyyar sa rigar kakanni amma idon da yake dubanta da shi na zamaninsa ne.

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Society for Creative Anachronism, wadda ake taƙaita sunanta da SCA. Ma'anar sunan, a kusance, ƙungiyar masu gangancin ɗauko abu su sa shi a zamanin da ba nasa ba. Ta faro ne daga wani ɗan biki da wasu matasa suka yi a bayan gida a garin Berkeley na jihar Kalifoniya ranar 1 ga Mayu, 1966. Daga nan abu ya bunƙasa har suka kasa ƙasashen da suke da mambobi zuwa "masarautu" 20. Kowace masarauta tana da sarkinta, kuma ana samun sarautar ne ta hanyar gwabzawa cikin sulke da kwalkwali, da sanduna na wani icce mai lanƙwasa a madadin takubba. Wanda ya yi nasara ya hau karaga, galibi na wata shida, sa'an nan ya sauka ya koma ofis. Babban taronsu, wanda suke kira Yaƙin Pennsic, tun 1972 ake yin sa, kuma yakan tara mutane wajen 10,000 na tsawon mako biyu a jihar Fensilbaniya. Sharaɗin shiga taronsu guda ne mai sauƙi: ka yi ƙoƙarin sa tufafin wata al'umma ta kafin shekara ta 1600.

Masu sulke su ake ɗauka hoto, amma mafi yawan aikin a ɗaki ake yin sa. Abokai sukan haɗu a gidan ɗayansu da dare, wannan yana yanka, wancan yana kalmasa baki, wata ta tsaya cik ƙawayenta suna manna mata ƙyalle a jiki da allurai, domin rigar da ke bin jiki ba mai iya gwada wa kansa ita. Baƙon da ya zo taro ba shi da tufafi, akwai waɗanda aka tanada don aro. Wanda kuma ya gwanance a ɗinki ko rini ko saƙa, ana ba shi daraja daidai da ta barde. A ganina wannan ɓangaren ya fi sukuwar daraja, domin a nan ne ake tilasta wa mutum ya amsa tambayar da ba ta da wasa: da me ka san cewa haka suke sawa?

Tambayar tana da wuya, saboda ƙyalle ba ya jimre wa ƙasa kamar dutse ko ƙarfe. Abin da ya tsira kaɗan ne, kuma mafi yawansa na sarakuna da manyan limaman coci ne. Tufafin talaka kuwa, sawa ake yi har ya yage, a juya shi, a rage shi ga yaro, a mai da shi tsumma. Shi ya sa abin da aka tono a kudancin tsibirin Girinlan a 1921 ya zama abin alfahari ga waɗannan maɗinka. A wani wuri da ake kira Herjolfsnes, masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Poul Nørlund, ya haƙa maƙabartar wasu Turawan arewa da suka zauna can suka ƙare a ƙarni na 15. Katako ya yi musu ƙaranci, don haka da yawa daga cikin mamatansu ba a sa su a akwati ba, sai aka naɗe su da tufafinsu na yau da kullum. Sanyin ƙasar ya adana su. Aka fito da riguna da huluna da safuna na ulu, irin na manoma da makiyaya, waɗanda yanzu suke gidan tarihi na birnin Kofenhagen. A 2004 wata masaniya, Else Østergård, ta fitar da littafi a kansu wanda ya bi kowane ɗinki daki-daki, kuma yau ba wani mai ɗinkin tarihi da ya san abin da yake yi da bai ji labarinsa ba.

Abin da mai ɗinki ke fara koya daga irin waɗannan riguna shi ne tsadar ƙyalle. Keken ɗinki sai a tsakiyar ƙarni na 19 ya samu. Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, Singer kuma a 1851. Rinin sinadari na farko sai a 1856. A ƙarnonin tsakiya, kusan kowane zare da ke jikin mutum wata mace ce ta kaɗa shi, kuma kaɗi ya fi saƙa cin lokaci nesa ba kusa ba. Wanda ya san haka ba zai sa almakashi ya yanko gwiwa-gwiwa ya zubar da saura ba. Saboda haka tsohuwar riga a kan layi miƙaƙƙe ake yanka ta: dogon ƙyalle guda a gaba da baya, hannuwa masu kusurwa huɗu, ɗan ƙaramin ƙyalle a hammata don hannu ya samu ɗagawa, sa'an nan a tsaga wani ƙyallen a karkace a samu cuna biyu da za a sa a gefe don ƙasa ta buɗe. Wata masaniya a Kanada, Dorothy Burnham, ta nuna a wani ɗan ƙaramin littafi da ta fitar a 1973 cewa faɗin abin da masaƙi ke iya saƙawa shi ke yanke hukuncin siffar rigar al'umma. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa juya tsohuwar rigar saƙi ya ga yadda aka harhaɗa siraran ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, ba a zubar da ko taƙi ba, ya riga ya san wannan ilimi. A kogunan duwatsun Bandiyagara na ƙasar Mali ma an samu taguwoyin auduga na mutanen Tellem, wasunsu tun wajen ƙarni na 11, fari da shuni, da siraran ƙyallaye aka haɗa su kamar yadda masaƙanmu ke yi. A Turai sai wajen shekara ta 1340 aka fara yayin rigar da ke matse jiki, mai jerin maɓallai da hannu mai lanƙwasa, wadda yankanta ke barin ɓarna; wato ɓarnar ƙyallen kanta ta zama hanyar nuna arziki.

To, ulu da lilin Turawa suna da nasu. Amma da zarar mai ɗinki ya ce zai yi rigar sarki ko ta babban limami, sai ya tarar da cewa ƙyallen da ake ji da shi a wancan zamani daga gabas da kudu yake zuwa. Sunayen ma sun tona asiri. Kalmar da Turawa ke kiran auduga da ita daga kuɗun ta Larabci take. Lallausan yadin da suke kira muslin sunan Mausil ne ta Iraƙi. Damask Dimashƙa ce. Kalmar Faransanci ta siket, jupe, daga jubba ta fito, wadda mu muke cewa jabba.

A nan ya kamata mu dakata a kan ɗirazi, domin shi ne zuciyar wannan tarihi. Kalmar asalinta Farisanci ce, tana nufin surfani, amma a daulolin Musulunci ta zama sunan wani layin rubutu da ake saƙawa ko a surfana a jikin ƙyalle, ɗauke da sunan halifa da addu'a gare shi, sau da yawa har da sunan waziri da garin da aka saƙa da shekara. Masaƙar gwamnati da ke yin sa ita ma Darul Ɗirazi ake kiranta, akwai ta fada akwai ta gama-gari. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa da suka tsira yana ɗauke da sunan halifa Marwan na Umayyawa, an saƙa shi a Ifriƙiyya, wato Tunisiya ta yau. A Masar, garuruwan Tinnis da Dimyaɗ da Dabiƙ sun yi suna wajen lilin mai laushi. Sa sunan halifa a ɗirazi alama ce ta mulki, kamar ambatonsa a huɗubar Juma'a da buga sunansa a kuɗi. Cire sunan kuwa shelar tawaye ce. Haka Ma'amun ya yi wa ɗan uwansa Amin sa'ad da rikici ya ɓarke tsakaninsu. Idan halifa ya so ɗaukaka wani, sai ya tuɓe masa riga daga taskarsa, wadda ake kira khil'a. Wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a ƙasar Hausa ya ga an yafa wa sabon hakimi alkyabba, ya ga jikar wannan al'ada da idonsa.

Akwai wani abu da ɗalibin fiƙihu zai so a nan. Sananne ne cewa an hana maza sa alharini, amma an yi rangwame a kan ɗan layi wanda bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Tsofaffin ɗirazai na Abbasiyawa galibi farin lilin ne ko auduga, sai siririn layin rubutu na alharini ya ratsa, kuma wasu masana suna ganin wannan rangwamen ne masaƙan ke kiyayewa. A ƙarshen daular Faɗimiyawa kuwa layukan sun yi ta faɗaɗa, zinariya ta shigo, har rubutun ya koma ado zalla wanda ba ya karantuwa. Mutum yana iya auna yadda fada ke nisa da tsantseni ta hanyar auna faɗin layin da ke hannun riga.

Waɗannan ƙyallaye sun shiga Turai ta hanyar ciniki da kyauta da ganima, kuma da yake ba a da abin da ya fi su daraja, sai aka riƙa naɗe ƙasusuwan waliyyan Kirista da su. A wani gidan ibada da ke Cadouin a kudu maso yammacin Faransa, an shafe ƙarnoni ana zuwa ziyarar wani farin ƙyalle da aka yi imani cewa likkafanin Annabi Isa (AS) ne, bisa aƙidarsu ta cewa an gicciye shi. A 1934 aka karanta abin da ake zaton ado ne a gefensa, sai ga shi rubutun Kufi ne, da Basmala, da sunan halifan Faɗimiyawa Musta'ali wanda ya yi mulki daga 1094 zuwa 1101, da na wazirinsa Afdal. Wato a Masar aka saƙa shi, a daidai shekarun da mayaƙan Salibiyya na farko suka nufi Ƙudus. Babban limamin yankin ya dakatar da ziyarar. Ban kawo wannan don a yi wa kowa dariya ba. Mutanen sun ga abu mafi kyau da idonsu ya taɓa gani, suka ba shi matsayi mafi girma da suka sani. A garin Apt ma akwai wani irinsa, wanda rubutunsa ya nuna an saƙa shi a Dimyaɗ a 1096 ko 1097.

Mafi girman shaida ita ce alkyabbar Roja na Biyu, sarkin Sisili. Musulmi sun fara shiga wannan tsibiri a 827, suka mulke shi, har Turawan Noman suka karɓe birnin Falarmo a 1072, suka gama da sauran a 1091. Sabbin masu mulkin ba su rushe masaƙar fada ba, sai suka gaje ta da ma'aikatanta. A can aka ɗinka wa Roja wata jar alkyabba ta alharini mai siffar rabin da'ira, faɗinta ya haura mita uku, an surfana ta da zinariya da dubban lu'ulu'ai. A tsakiya itacen dabino ne, a kowane gefe zaki ya danne raƙumi. A bakinta akwai rubutun Kufi da Larabci, yana yi wa sarki fatan alheri, yana faɗin cewa an yi ta a babban birnin Sisili a shekara ta 528. Ka ji, ya ɗan uwa: sarkin Kirista, amma shekarar da ke jikin alkyabbarsa ta Hijira ce, wadda ta yi daidai da 1133 zuwa 1134. Masana da yawa suna fassara zakin da raƙumin da cewa rinjayen Noman ne a kan Musulmi. Idan haka ne, to, sai mutum ya yi tunanin halin wanda ya zauna wata da watanni yana surfana hoton faɗuwar mutanensa, kuma ya yi aikin da kyawun da har yau ba a gaji da kallonsa ba. Daga baya alkyabbar ta shiga kayan naɗin manyan sarakunan Jamus, aka yi ƙarnoni ana naɗa su da Larabci a gefen ƙafarsu. Tana nan a taskar sarakuna ta birnin Biyana a Ostiriya. Ibnu Jubair, matafiyin Andalus da ya ratsa Falarmo a ƙarshen 1184, ya ba da labarin cewa ya ga matan Kirista ranar bikinsu sun fito cikin shigar matan Musulmi, da lulluɓi da lalle da turare. Jikokin waɗancan masaƙa kuwa, an kwashe su daga tsibirin zuwa garin Lucera a ƙarni na 13, kuma a 1300 aka tarwatsa su.

A Sifaniya ma haka. Da aka buɗe kaburburan gidan sarautar Kastila a gidan ibadar Las Huelgas da ke Burgos, sai aka tarar da sarakunan da suka yi rayuwarsu suna yaƙar Musulmi, da 'ya'yansu, wasu kwance cikin alharinin Andalus mai rubutun Larabci. Idrisi, wanda ya rubuta littafinsa na labarin ƙasa a fadar shi wannan Roja, ya ambaci cewa a birnin Almariya kaɗai akwai masaƙun alharini 800 a zamanin Murabiɗai. Akwai masu wariyar launin fata a Turai da Amurka da ke son ɗaukar ƙarnonin tsakiya a matsayin zamanin da Bature ya zauna shi kaɗai ba gauraye. An ga irinsu ɗauke da garkuwoyi masu alamun Salibiyya a zanga-zangar Charlottesville a 2017. Mai ɗinkin da ya bi shaida ba zai iya yarda da su ba, domin ya san inda aka saƙa mayafin sarkin nasu.

Sai dai kada mu yi saurin yabo. Yadda Musulmi ke bayyana a waɗannan tarurruka iri biyu ne. Akwai masu bin diddigi. Misali David Friedman, masanin tattalin arziki a Amurka kuma ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan SCA, ya shafe shekaru yana fitowa a siffar wani Musulmin Magrib na wajen shekara ta 1100, yana gwada girke-girke daga littattafan abinci na Bagadaza da Andalus na ƙarni na 13. Irin waɗannan sukan duƙufa a kan zanen da Wasiɗi ya yi wa Muƙamatul Hariri a 1237, littafin nan da malamanmu ke karantarwa a zaure. Kwafin mai zanen yana Faris, kuma a cikinsa ana ganin alƙalai da fatake da masu wa'azi cikin riguna masu faɗin hannu, da layin ɗirazi a damtse, da rawuna iri-iri. Sukan kuma nemi abin da aka samu a taskar tsofaffin takardu ta wata majami'ar Yahudawa a tsohuwar Alƙahira, inda ɗaruruwan jerin kayan amare suka tsira, kowace riga da sunanta da launinta da kuɗinta. Daga nan aka gane cewa tufafi babban kaso ne na dukiyar mace, ana gadonsu, ana jinginar da su ranar wuya, kuma Musulma da Bayahudiya da Kirista a Masar kusan shiga ɗaya suke yi, kowacce ba ta fita sai da mayafi.

Akwai kuma masu bin mafarki. Su ne za ka ga mace ta ce ta fito a siffar Balarabiyar zamanin Abbasiyawa, alhali abin da ta sa shi ne kayan rawar nan mai barin ciki a waje. Wannan shiga ba ta da alaƙa da ƙarnonin tsakiya ko kaɗan. Ta girma ne a gidajen rawa na Alƙahira a shekarun 1920 da 1930, inda aka biye wa abin da baƙi Turawa da masu finafinai suke tsammanin gani, bayan da bikin baje koli na Shikago na 1893 ya riga ya cusa wa Amurkawa wannan hoto. Ita ce dai cutar rigar Biktoriya, sai dai wannan karon mutuncin matan wata al'umma aka yanka a kan ƙirar sha'awar wata. Abin lura shi ne, waɗanda suka fi yaƙar wannan kuskure a cikin ƙungiyoyin su ne maɗinkan da suka karanta, ba don kishin addini ba, sai don an saɓa wa shaida.

Wurin da al'amarin ya fi nauyi shi ne gabashin Sifaniya. A garin Alcoy da maƙwabtansa ana yin bikin da ake kira na Musulmi da Kirista duk shekara. A Alcoy a watan Afrilu aka saba yin sa, don tunawa da yaƙin 1276 wanda shugaban Musulmin yankin, Azraƙ, ya rasu a bakin ganuwar garin. Mutanen gari sun kasu ƙungiyoyi 28, rabi "Musulmi" rabi "Kirista", abokai da dangi suna tara kuɗi shekara guda don kayan da za su sa. Ɓangaren "Musulmi" ya fi ƙawa, da rawuna da gashin tsuntsaye da takubba masu lanƙwasa, amma kaɗan ne daga cikin kayan ke da alaƙa da abin da mutanen Andalus suka sa. Kullum kuma ƙarshen wasan ɗaya ne: a ci "Musulmi" a karɓe ganuwa. A wasu garuruwan har akwai mummunar al'adar yin wani mutum-mutumi da suke jingina wa Fiyayyen Halitta (SAW) su lalata shi a ƙarshen biki. A 2006 garuruwa irin su Bocairent da Beneixama suka bar fasa kansa da suka saba yi.

Abin da mai kallon wannan ƙawa ba zai gani ba shi ne cewa an taɓa yin zamani a wannan ƙasa da sa tufafin Musulmi laifi ne. Bayan faɗuwar Garnaɗa an tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, aka riƙa kiransu Moriskawa. A 1526 aka yi dokar hana shigarsu, suka biya kuɗi mai yawa aka jingine ta shekara 40. Ranar 1 ga Janairu, 1567, Sarki Filibus na Biyu ya sa aka yi shelarta a Garnaɗa da ƙarfi: a bar Larabci cikin shekara uku, a rushe gidajen wanka, a daina lalle, mata su buɗe fuska, kayan alharini irin nasu a daina sawa bayan shekara ɗaya, na ulu bayan biyu. Wani dattijo daga cikinsu, Francisco Núñez Muley, ya rubuta wa shugaban kotun Garnaɗa doguwar takardar koke. Hujjarsa ita ce, wannan shiga ta yanki ce kamar yadda kowane lardi na Sifaniya ke da tasa, kuma Kiristocin gabas suna sa irin kayan Musulmi suna magana da Larabci ba wanda ya ce sun bar addininsu. Ya ƙara da cewa dukiyar iyalai tana cikin tufafin matansu, wasu an gada tun kakanni, hana su talauta mutane ne da karya kasuwar alharini. Ba a saurare shi ba. A ƙarshen 1568 tawaye ya ɓarke a duwatsun Albusharat, aka murƙushe shi a 1571, aka watsa mutanen Garnaɗa cikin ƙasa. A 1609 aka fara korar Moriskawa baki ɗaya, kuma daga yankin Balansiya aka soma, yankin da Alcoy take ciki.

Wanda ke son ya ɗinka ainihin abin da waɗancan mata suka sa, abin da zai dogara da shi kaɗan ne. Mafi amfani shi ne zanen da wani Bajamushe, Christoph Weiditz, ya yi sa'ad da ya ziyarci Sifaniya a 1529. Ya zana matan Garnaɗa a gida da kan hanya: wando mai faɗi da aka tattare shi a ƙwauri, taguwa mai launi biyu, takalmi mai tudu, da babban farin mayafi da suke kira almalafa, wato milhafa ta Larabci, wanda mace ke kamawa da hannu a ƙarƙashin ido. A ɗaya daga cikin zanen, mace ce tsaye a ɗakinta, abin kaɗi a hannunta, tana murza zare.